Filin da Na Ajiye Motata a Ankara

Tun da na dawo daga Ankara, wato babban birnin Gana, ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya teku, wancan ya ce da gaske ne Hausarsu ba ta raba mace da namiji, wani kuma ba abin da ya dame shi sai tsaraba. Kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau, gari ne mai kyau. To, na gaji da wannan amsar, ku ma na san kun gaji da ita. Ga labarin a rubuce, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, ku bar ni in huta.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Kawu Bawa na je ɗaukowa, yayan Innata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bi fataken goro tun yana saurayi, lokacin Inna tana yarinya, daga nan bai sake taka Funtuwa ba. Shekara arba'in da ɗoriya sai dai wasiƙa, ita ma sai an yi sa'ar matafiyi. Bayan rasuwar matarsa ya aiko da takarda mai layi huɗu. Ya ce ya tsufa, yana so ya dawo gida, amma ba zai iya hawa da saukar motocin haya ba, a turo wanda zai ɗauke shi. Inna ta sa na karanta mata sau uku. Ƙafafunta sun daɗe da hana ta zuwa ko kasuwa, balle wata ƙasa.

Ta ce, "Lawal, ba ka da wani aiki yanzu da ya wuce wannan. Ka kawo mini shi in gan shi da idona."

Motata kun san ta, doguwar nan da nake jigila da ita tsakanin Funtuwa da Zariya, kun kuma san yadda nake ji da ita. Na sa mata sababbin tayoyi, Inna ta cika but da garin kuka da kuɓewa busasshiya da man shanu, wai ɗan'uwanta ya fara ɗanɗana gida tun a hanya. Kwana biyu na yi kafin Legas. Ba zan ba ku labarin Legas ba, wanda ya taɓa shiga ya sani, wanda bai taɓa ba Allah ya ci gaba da rufa masa asiri.

Daga can sai iyakoki, uku a jere, kowace da tagoginta da hatiminta da mutumin da ya tafi cin abinci da makullin ofis a aljihu. A ɗaya daga cikinsu wani ma'aikaci ya kwance ƙullin kuka, ya ga gari kore shar, ya dube ni, ya sake duban garin, sai ya kira abokan aikinsa. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa, amma na gane an ɗauke ni mai fataucin kayan maye. Awa uku ina zaune a kan benci cikin rana. Can sai ga wani babbansu, mutumin arewacin ƙasar, ya dangwala yatsa ya lasa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka sake ni, amma sai da ya ɗebi kusan rabin kukar, ya ce matarsa ta daɗe tana nema.

Ranar Laraba da la'asar na shiga Mamobi, ɗaya daga cikin unguwannin Zango, inda Isaka yake, babban ɗan Kawu, tela ne. Ban taɓa ganinsa ba, amma goshin gidanmu ne a fuskarsa. Ya rungume ni, sannan ya ja da baya ya kalli motar tun daga kai har wutsiya.

"Ɗan'uwa, akwaba, ka zo lafiya? Amma wannan mota naka ya yi tsawo paa. Ina za ka sa shi?"

Na yi dariya, na ce a ƙofar gida mana, ina ake sa mota? Sai ya nuna mini ƙofar gidan. Lungu ne da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, ga kwata a tsakiya, ga mai soya doya a baki. A nan na fara gane cewa a garin nan wurin tsayawa ya fi wurin kwana wuya. Da ƙyar wani makanike ya yarda na raɓa ta a gaban garejinsa, da sharaɗin in ɗauke ta da sassafe, don shi ma matattun motocinsa a nan suke shan iska.

Masauki dai Isaka ya yi iya yinsa. Ɗaki ɗaya ne da keken ɗinki a gefe, wanka kuma sai ka ɗauki bokiti ka bi layi a gidan wanka na unguwa. Matarsa ta kawo mini wani curin masara a nannaɗe da ɓawo, mai tsami, da soyayyen kifi da baƙin yaji da suke kira shito. Na ci don kunya, hawaye na zuba, tana ta ƙara mini wai ta ga ina so. Da safe kuwa aka kawo koko da ƙosai, har na ji kamar a bakin tashar Funtuwa nake. Shinkafa da wakensu ma ba laifi, sai dai sukan tara mata taliya da garin rogo da ƙwai a ganye ɗaya, kamar ana rabon gado.

Kawu ba a Mamobi yake ba. Yana can tsakiyar gari, a Zango Len, kusa da kasuwar Makola, a wani ɗaki bayan shagonsa. Isaka ya ce mai hankali ba ya shiga can da mota, don ba inda zai tsaya. Yadda ake yi, sai ka bar motarka a wata tasha ta gefen gari, ka hau tiroto, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, ka shiga ka yi abin da ya kai ka. Ya kwatanta mini wata tasha da ya san mai gadinta. Shi ba zai iya raka ni ba, yana da ɗinkin biki da za a karɓa washegari.

Na sami tashar, na sami mai gadin, dattijo mai fara'a. Ya ce akwai wuri, amma sai in bar masa makulli, saboda in manyan motoci za su fita sai an matsar da ta wani. Makullin motata ko matata ba ta taɓa riƙewa ba. Na ce masa na gode, na ja abata. Da na ba shi makullin nan, da yau ba ku da labarin da za ku karanta.

A tasha ta biyu wani mai littafi a hannu ya kore ni tun daga ƙofa, wai wurin na 'yan ƙungiya ne kawai. Kafin in juya, mutum uku sun kewaye ni, sun ga lambar waje sun ɗauka sayar da ita na zo yi, har ɗaya ya buɗe gaba yana leƙen inji. A ta uku na hango gibi tsakanin bas biyu, na kutsa, ashe wurin kwandunan tumatir ne. Wata mata ta daki bonet da tafin hannu, ta yi mini jawabi mai tsawo da yaren da ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fahimci kowace. Rana ta take, rigata ta jiƙe, mai yana ƙonewa a banza, ga Kawu yana jira.

Wajen azahar, a bayan wata ƙaramar tasha, sai ga fili. Fili sosai, sharare tas, a gaban wani babban gida, ba mota ko ɗaya. An kafa sanda an ɗaura mata jan ƙyalle, a jikin bango kuma an lilliƙa takardu masu hoton wata tsohuwa da ɗaurin kallabi. Mu a gida hoton mutum a bango na ɗan takara ne. Har na ce a raina mutanen nan sun ci gaba, tsohuwa kamar wannan tana neman kujera. Jan ƙyallen kuwa ban ma ba shi ma'ana ba. Ya kamata in tuna banza ba ta kai zomo kasuwa, garin da aka kore ni daga tasha uku ba zai bar fili haka kawai ba. Amma na gaji. Na kai ta can ƙurya, ƙarƙashin bishiya, na kulle, na gwada kowace ƙofa sau biyu, na je na hau tiroto ina jin kaina gwani.

A tashar Tudu na sauka, na ratsa gefen Makola da ƙullin kuka a kafaɗa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan dakonsu mata ne, da manyan kwanonin ƙarfe a ka, suna ture maza suna wucewa. Da tambaya na kai shagon Kawu, ɗan ƙarami, cike da carbi da huluna da turare.

Yana zaune a kan kujera, siriri, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe bai sake ba.

"Kai ne Lawal na Hajara?"

"Ni ne, Kawu."

"Tana nan dai?"

"Tana nan, Kawu. Kai kaɗai take jira."

Yinin nan tambaya ya yi ta yi mini. Ina wane, ina wance, rijiyar bayan masallaci tana nan? Yawancin waɗanda ya lissafo sun riga mu gidan gaskiya, wasu ma ban taɓa jin sunansu ba. Duk wanda na ce ya rasu sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya wuce na gaba, kamar mai jan carbi. A ɗakinsa na kwana.

Ranar Juma'a ya yi sallama da garin. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ba na kuma fatan sake gani. Ya miƙa makullin shago ga maƙwabcinsa. Ya kyautar da rediyo, ya kyautar da buta, har tabarmar da yake kwana a kai ya naɗe ya ba wani mai wankin hula. Bayan an sauko daga masallaci ya tsaya a ƙofa yana neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da waɗanda ban san ƙabilarsu ba, tsofaffi suna kuka ba kunya. Da ya gama ya jawo ni gefe.

"Je ka kawo motar nan yanzu. Ka tsaya a bakin titi ko na minti biyar ne, ina nan da akwatina. Kada mu kwana a garin nan, Lawal. Yau nake da ƙarfin tafiya."

Na hau tiroto na koma. Tun kafin in sauka nake jin kiɗa. Da na zagaya bayan tashar sai na tsaya cak, don filin nan babu shi. An kakkafa rumfuna na ƙarfe tun daga baki har ƙurya, an jera bencina, an ɗaura lasifika a bishiya. Mutane cike, duk cikin baƙi da ja, wasu suna rawa, wasu suna shan abin da suke sha. Motata tana can ciki, an kewaye ta da tukwane, an ɗora mata kwanon soyayyen kifi a kan bonet.

Na ɗauka taron 'yar takarar nan ne, ko kuma biki. Gajiyar kwana biyar ta taso mini gaba ɗaya. Na ratsa tsakiyar mutane ban yi wa kowa sallama ba, na sauke kwanon kifin na dangwarar a ƙasa, na yi ta faɗa da Hausa da guntun Turancina. Da na ga ba wanda ya motsa, sai na buɗe mota na shiga, na danne hon na ƙi ɗagawa.

Kiɗa ya tsaya. Wani dattijo da ya yafa baƙin zane ya taso daga rumfar gaba, a hankali, ya tsaya a gaban motar yana kallona. Ya yi magana gajeriya, ya koma ya zauna. Wata mata mai jin Hausar Zango ta leƙo ta taga.

"Malam, wannan uwan shi ne ya mutu. Shi ne hoto na bango. Ya ce mota naka zai fita ranar Litinin."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kun san ni, ko a kan keke nake in na zo wucewa ta wurin zaman makoki sai na sauka. Amma makokin da na sani tabarma ce da carbi da shiru, gawa kuma ba ta kwana. Su kuwa tsohuwar nan ta fi wata guda da rasuwa, tana ajiye a ɗakin sanyi ana jiran dangi su taru, ranar nan aka kawo ta gida. Kiɗan da rawar duk girmamawa ce. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ni ban tsaya a makanta ba, sai da na haɗa da baki.

Na koma Zango Len gab da magariba. Kawu yana bakin titi zaune a kan akwatinsa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Na gaya masa mota ta maƙale sai Litinin. Bai tambaye ni dalili ba, cewa kawai ya yi, "To." Na ɗauki akwatin muka koma ɗakin da ba komai a cikinsa, aka je aka aro masa tabarmarsa daga wurin mai wankin hula.

Da safe Isaka ya zo, na ba shi labari. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Ka gaishe su?"

Na ce a'a.

"Kai, ɗan'uwa! Da ka gaishe su, ka zauna kaɗan, ka sa wani abu cikin kwano na ta'aziyya, samari za su ɗaga ƙarfe su tura maka mota har titi. Mutane nan ba su da wahala ko kaɗan. Amma hon? A kan gawa?"

Muka tafi tare. Na bi layi na gaisa da kowa daga dama zuwa hagu kamar yadda Isaka ya nuna mini, na durƙusa gaban dattijon na ba shi haƙuri. Ya karɓa da kyau, abin da ya ƙara mini kunya. Ya sa aka ba ni kujera da kwalbar lemo, ya ce ya san baƙo ne ni. Amma ya ce jiya ne ake iya ɗaga rumfa, yau baƙi sun iso daga ƙauyuka, an shimfiɗe gawar mahaifiyarsa ana yi mata kallon ƙarshe, ba ƙarfen da zai motsa sai an dawo daga coci ranar Lahadi an sallami jama'a. Na leƙa motar, na tarar matan gidan sun wanke inda man kifi ya ɓata.

Asabar da Lahadi a ƙofar shago Kawu ya yi su, don ba inda za shi. Duk wanda ya yi kuka ranar Juma'a sai ya zo wucewa ya yi turus. "A'a, Baba, ba ka tafi ba?" Sai ya zauna a yi hira. Jikoki suka ji labari suka kwararo daga Nima da Mamobi, wannan a cinya, wancan a kafaɗa. Maƙwabcin ya buɗe shago, wani ya zo sayen turare bai san farashi ba, sai da Kawu ya tashi ya nuna masa. Ranar Lahadi na ga ya buɗe akwati ya ciro hula. An jima ya ciro bargo. Ina zaune ina kallo.

Litinin da sassafe na je na tarar an kwashe rumfuna, fili ya koma yadda na fara ganinsa. Na tuƙo ta cikin gari, ta Adabaraka, ina tafiya taku-taku cikin cunkoso, na tsaya a bakin titin Zango Len ana ta danna mini hon ta baya. Na shiga da gudu. Kawu yana cikin shago a kan kujerarsa, da rigar zaman gida.

"Kawu, ga mota a waje, ba za su bar ni in daɗe ba."

"Zauna, Lawal."

"Kawu, Inna tana jira."

"Na sani. Ranar Juma'a na yi sallama da duk ƙarfin da ya rage mini. Na nemi na biyu tun jiya, ban samu ba. Ba zan iya sake tsayawa a ƙofar masallacin nan ba, ba kuma zan iya sulalewa kamar ɓarawo ba."

Na roƙe shi. Na yi masa alkawarin dawo da shi bayan wata ɗaya in ya so. Isaka ma, wanda tun farko ba ya son tafiyar, ya sa baki don ya ga halin da nake ciki. Kawu ya girgiza kai kawai. Ya ciro wani hoto da ya ɗauka da sallar bara, ya sa a ambulan ya ba ni.

"Ka ce wa Hajara ta yafe mini."

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Iyakokin nan uku suna nan yadda na bar su, sai dai wannan karon ba wanda ya tsare ni, ba abin da zai bincika. Na iso Funtuwa da hantsi. An fito da Inna zaure tun da aka ji ƙarar motar, tana kallon bayana, ba ni take kallo ba. Na durƙusa na miƙa mata ambulan. Ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe.

"Wannan ai fuskar mahaifinmu ce. Haka Bawa ya koma?"

"Haka ya koma, Inna."

Ta tambaye ni me ya hana shi. Na ce jiki ne ya yi rauni, hanya kuma da nisa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Ka yi iya ƙoƙarinka, Lawal. Allah ya yi maka albarka."

Da zagina ta yi, da tuni na warke. Kullum na shiga gaishe ta sai ta sake sa mini wannan albarkar, ni kuma in amsa da amin, kaina a ƙasa. Ku da kuka matsa sai kun ji, yanzu kun ji. Abu ɗaya nake roƙo, duk wanda matarsa take shiga gidanmu, kada ya karanta mata wannan takardar.